Da Me A Ke Sanin Baƙo?

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, watau da rana ta ɗaga sai ya kama hanyarsa. Amma akwai wani irin baƙo wanda ba ya tafiya. Shi wannan ba ya tsayawa a zaure. Cikin jikin mai masaukinsa ya ke tarewa, ya ci a nan, ya haihu a nan, wani lokaci har jikokin mai gida su gaje shi kamar yadda a ke gadon gona. Irin waɗannan baƙi suna cikin saiwar wake, suna cikin tumbin saniya, suna cikin dodon koɗin da ke bakin kogin Rima, suna kuma cikin jikin ɗan Adam.

To, ga tambaya. In an sami baƙo zaune cikin gida, kuma masifa ta auka wa gidan, da me za a san ko shi ya kawo ta? Da sunansa, ko da wurin da aka gan shi tsaye, ko kuwa da aikin hannunsa? Wannan tambaya ba ta 'yan makaranta kaɗai ba ce. A ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, da ƙauyuka irin su Sisawa, inda manomi da makiyayi su ke zaune gefen juna, amsar da aka ba ta tana iya zama sanadin rayuwar mutum ko mutuwarsa. Za a fara neman amsar daga wuri mai nisa, wajen wata 'yar halitta ta bakin teku, sa'an nan a komo gida.

Dodon koɗin da ya zama ganye

A gaɓar tekun da ke gabashin Amurka, tun daga Kanada har zuwa Fulorida, akwai fadamu waɗanda ruwan gishiri ya ke shiga ya fita ko wace rana. Cikin fadamun nan a kan sami wani dodon koɗi wanda ba shi da ƙoƙo a bayansa, jikinsa laɓo-laɓo kamar na matsattsaku. Masu ilmin halitta suna kiransa Elysia chlorotica. Tsawonsa bai cika wuce gaɓar yatsa ba, watau santimita 2 ko 3, sai ɗai-ɗai su kan kai 6.

Sa'ad da ya ke ƙarami launinsa ƙasa-ƙasa ne. Abincinsa wata irin gansakuka ce mai zare-zare, wadda a ke kira Vaucheria. Ya kan huda zaren da haƙorinsa, ya tsotse abin da ke ciki, kamar yadda yaro ya ke tsotse ɓargo. Abin mamakin yana cikin abin da ke biyo baya.

Ko wane ganye yana da waɗansu 'yan ƙwayoyi koraye a cikinsa, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Su ne murhun tsiro. Da hasken rana da ruwa da iska su ke girka sukarin da tsiron ya ke rayuwa da shi. Akuya in ta ci ganye, ta kan narkar da ƙwayoyin nan tare da sauran ganyen. Shi kuwa wannan dodon koɗi, sai ya narkar da kome amma ya bar su da ransu, ya jera su cikin rassan hanjinsa, waɗanda suka bazu ko'ina a ƙarƙashin fatarsa. Ba da jimawa ba sai ya zama kore shar. In ya shimfiɗa gefen jikinsa cikin rana, sai a rantse ganye ne ya faɗa ruwa, har da jijiyoyinsa. Masana sun ajiye su cikin kwanon gilashi, suka ba su haske suka hana su abinci, suka rayu wata da watanni, waɗansu har wata 9, ƙwayoyin da suka ɗauko suna ta yi musu girki.

Abu biyu suka ɗaure wa masana kai. Na farko, murhun nan ba ya iya gyara kansa. Yawancin umurnin gyaransa yana rubuce cikin ƙwayoyin gado na gansakuka, alhali kuwa dodon koɗin ya riga ya narkar da su. To, wa ke gyara masa murhu duk tsawon watannin nan? Na biyu, ba sa cika shekara a duniya. Da sanyi ya wuce sai manyan su saka ƙwai, sa'an nan su mutu kusan gaba ɗaya, kamar an buga musu ƙararrawa. Na cikin fadama su mutu, na cikin kwanon gilashi su ma su mutu, ko da yake babu abin da ke farautarsu a can.

Baƙon da aka tarar ranar mutuwa

Kafin a faɗi abin da aka gano, sai an bayyana wani abu da a ke kira bairus. Ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Akwai bakteriya, waɗanda su ke ci su hayayyafa da kansu. Akwai kuma bairus, wanda ya fi su ƙanƙanta nesa, har ɗaruruwansa su kan jeru ba su cika kaurin gashi ɗaya ba. Shi bairus ba ya ci, ba ya sha, ba ya haihuwa da kansa. 'Yar takardar umurni ce kawai cikin ɗan kube. In ta shiga jikin mai rai, sai jikin ya karanta umurnin ya shiga ƙera irinta. A cikin ganyen taba aka fara gane shi, wani Barashe mai suna Ibanobski a 1892, da wani mutumin Holan mai suna Bayarink a 1898, amma ba a gan shi da ido ba sai a 1939, bayan an ƙera madubi mai aiki da lantarki.

A 1999 wani masani Ba'amurke, Sidney Pierce, da abokan aikinsa suka buga labarin abin da suka gani da suka duba jikin dodon koɗin nan a kwanakinsa na ƙarshe. Sun tarar da bairus jingim a cikinsa, kuma haka abin ya ke maimaituwa ko wace shekara in lokacin mutuwar ya zo. Har waɗanda aka daɗe da rabawa da teku, aka tsare cikin ɗakin bincike, an same su da shi. Sabo da haka suka yi tsammanin baƙon ba daga waje ya shigo ba. Yana kwance ne cikin ƙwayoyin gadon dodon koɗin tun yana ƙwai, ya gaje shi daga iyayensa, ya yi shiru duk tsawon rayuwarsa, sai a ƙarshe ya farka.

Nan fa aka ɗora wa baƙon nan zato iri biyu. Aka ce watakila shi ne mai buga ƙararrawar mutuwa, shi ke kawar da manya da zarar sun saka ƙwai. Aka kuma ce watakila shi ne ɗan aiken da ya kwaso umurnin gyaran murhu daga gansakuka ya kai cikin jikin dodon koɗin, gama an san irin wannan bairus ya kan ɗauki ɗan yankin gado daga nan ya kai can. In zato na farko ya tabbata, baƙon mai kisan kai ne. In na biyu ya tabbata, shi ne ya koya wa mai gida sana'ar da ya ke ci da ita.

Masana ba su tsaya kan zato ba. A 2013 waɗansu daga cikinsu suka bincika ƙwayoyin gadon da ke cikin ƙwan dodon koɗin, ba su sami umurnin gansakuka a ciki ba. Waɗansu kuma suka ce su sun ga alamarsa ta wata hanyar. Gardama ta ci gaba, kuma babu wanda ya kawo hujjar da ta ɗaure bairus ɗin da ɗayan abubuwan nan biyu. Yana yiwuwa shi ke kisan. Yana yiwuwa kuma tsufa ne ke raunana jikin, sa'an nan baƙon ya sami sarari ya yaɗu. Ungulu ma kullum a kan mushe a ke ganinta, amma ba ita ta kashe ba.

Abin lura a nan shi ne haƙurin masanan. Sun kama baƙo a ɗakin gawa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma sunansa suna ne da kowa ke tsoro. Duk da haka suka rubuta abin da suka gani a matsayin gani, abin da suka zata a matsayin zato, ba su gauraya su ba.

Shaidar suna

Mai karatu yana iya cewa, ai sunan kaɗai ya isa. Wane alheri aka taɓa gani daga bairus? Lalle yana da abin faɗi. Agana bairus ce, ƙyanda bairus ce, shan-inna ma haka. Bushiya, wadda ta kusa share shanun ƙasar Hausa wajen 1890, ta kuma komo ta yi ɓarna a 1983, ita ma bairus ce. Cutar da ta kuturta gyaɗar Arewa a 1975, wadda darɓa ke yaɗawa daga gona zuwa gona, duk danginsu ɗaya. Wanda ya binne ɗa, ko ya ga garkensa kwance, ba a ganin laifinsa in ya ƙi jinin sunan.

Amma sai a duba da me aka kori agana. A 1796 wani likitan Ingila, Edward Jenner, ya gwada abin da masu tatsar nono na ƙasarsu suka daɗe suna faɗi, cewa wanda ya ɗauki 'yan ƙurajen da ke fita a hantsar saniya ba ya yin agana. Ƙurajen nan aikin wani bairus ne, ɗan'uwan na agana, amma marar zafi. Daga nan lamba ta samo asali. Duk dattijon da ke da tabon lamba a dantsensa, bairus mai rai aka sa masa, shi ya tsare shi, har aka yi shelar ƙarewar agana a duniya a 1980. Bushiya ma da bairus ɗinta aka yaƙe ta, bayan an raunana shi an mai da shi allura. An fara babban gangamin yi wa shanu allurar a ƙasashen da ke kewaye da tafkin Chadi a 1962, aka yi shelar ƙarewarta a 2011.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Cikin cokalin shayi ɗaya na ruwan teku akwai bairus miliyoyi, kuma mafi yawansu ba ruwansu da mutum, bakteriya su ke kamawa. Da aka karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam kuwa, sai aka tarar wajen kashi 8 cikin 100 saura ne na waɗansu bairus da suka tare a ciki tun zamani mai nisa, kamar dai yadda a ke tsammani game da na dodon koɗin nan. Yawancinsu sun daɗe da yin shiru. Amma a shekara ta 2000 aka gano ɗaya daga cikinsu yana da babban aiki. Shi ne ke haɗa fatar mabiyiya, wadda ta cikinta abinci ke bi daga jinin uwa zuwa ga ɗan tayi. Shanu da tumaki ma suna da irin nasu. Ashe ko wane jariri da aka haifa a Wurno, da ko wane maraƙi da aka haifa a ruga, ya ci albarkacin wani baƙo mai wannan mugun suna. Suna yana faɗin dangin abu, ba ya faɗin aikinsa.

Shaidar wuri

To, in suna bai isa ba, wurin da aka ga baƙo fa? A nan ba sai an je teku ba. An gama ginin madatsar ruwa ta Goronyo a kan kogin Rima a 1984, aka buɗe ta a 1992, tana iya riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Ita da hanyoyin ruwan Wurno sun rayar da noman rani, shinkafa da albasa da tafarnuwa. Amma ruwan kwance gida ne ga wani ɗan dodon koɗi wanda bai fi ƙwayar wake ba, kuma inda ya ke nan a ke samun tsargiya, cutar da ke sa yara fitsarin jini.

In aka fasa dodon koɗin nan aka duba da madubi, za a iya samun tsutsar tsargiya a cikinsa. Daga jikinsa ta ke fitowa ta yi iyo, ta huda fatar mai wanka ko mai dashen shinkafa. Ga shi an kama shi da kayan sata a hannu. Amma wa ya ba shi? Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya ga tsutsar cikin jikin mutum a Alƙahira a 1851, kuma a 1915 Robert Leiper ya bi sawunta a Masar har ya tabbatar da zagayen da ta ke yi. Ƙwanta yana fita ne cikin fitsarin mai cutar. In fitsarin ya shiga ruwa sai ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar ta nemi dodon koɗi ta shige shi, ta hayayyafa a cikinsa, ta ci jikinsa har ta rage masa haihuwa. Shi ma majinyaci ne. Ƙauyen da ya tsaya zagin dodon koɗi kaɗai, bai ba yaransa maganin da a ke rabawa a makarantu ba, bai haƙa masai ba, bai hana fitsari a ruwa ba, zai daɗe yana jinya. Sai an bi zagayen abu tun daga farkonsa kafin a san inda laifi ya ke.

Shaidar aiki

Saura shaida ta uku, kuma gonar wake ta ishi mai nema. In manomi ya tumɓuke wake da damina ya kakkaɓe ƙasar, zai ga 'yan ƙullutai manne da saiwar. Wanda bai sani ba sai ya ce cuta ce. In ya fasa ɗaya ya ga cikinsa ja-ja kamar nama, to, baƙi ne na arziki ke aiki. Waɗansu bakteriya ne suka shiga saiwar, wake ya gina musu ɗaki, yana ba su sukari. Su kuwa suna kamo wani sinadari daga iska, wanda a ke kira naitirojin, su mai da shi abincin tsiro. Shi ne dai sinadarin da a ke saye da tsada cikin buhun takin yuriya. Don haka gonar da aka yi wake ko gyaɗa a cikinta ta kan yi wa gero kyau a shekara mai zuwa.

A saiwar nan kuma a kan sami wani baƙon, watau ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta. Irinsa kamar ƙura ya ke, ya kan kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. Da ya ji ƙanshin saiwa sai ya tsiro ya maƙale mata, ya yi ta shan ruwanta da abincinta tun bai fito fili ba. Ran da ya fito da furensa mai kyau, ya riga ya gama ɓarna. Ga baƙi biyu a saiwa ɗaya, dukansu sun shigo ta ƙarƙashin ƙasa, dukansu suna cin abincin mai gida. Abin da ya raba su shi ne ɗaya yana ci yana biya, ɗaya yana ci ya bar kufai.

Har wa yau akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. Cikin bakteriyan saiwa ma akwai malalata, masu cin sukari ba su kawo kome ba. A 2003 wata masaniya, Toby Kiers, da abokan aikinta suka gwada waken suya. Suka hana waɗansu ƙullutai samun naitirojin don kada su iya biya, suka bar sauran. Sai tsiron ya rage wa waɗanda ba su biya ba iskar numfashi, suka tsumbure, ya ci gaba da ciyar da masu biya. Watau wake ba ya korar baƙinsa duka don laifin ɗaya, ba ya kuma ƙyale mai cin amana don yana da suna ɗaya da masu gaskiya. Ɗaki-ɗaki ya ke bi yana awo.

Ba ko wane baƙo ke da sauƙin aunawa ba. Carki yana cire wa saniya kaska, amma in ya sami miki a bayanta sai ya yi ta tonon jini ya hana shi warkewa. Tsuntsu ɗaya ne, yau alheri gobe ɓarna, gwargwadon abin da ya tarar. Kuma zaman amana kansa ya kan sake in hali ya sake. Waken da aka cika wa takin zamani ba ya damuwa da gina ƙullutai da yawa, gama ya sami abin da ya ke so ba tare da baƙi ba.

Manomi da makiyayi

Yanzu sai a komo ga mutane. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗinsa, ya rasu a can a 1837, kuma a can kabarinsa ya ke, ya yi ƙoƙarin zaunar da makiyaya kusa da manoma da masu sana'a, don ko wane ya amfana da ɗan'uwansa. Zaman da aka gada a kwarin Rima zaman cuɗe ni in cuɗe ka ne. In an gama girbi sai shanu su shiga gona su ci kara, su bar taki. Har manomi ya kan ba makiyayi hatsi don ya kafa garkensa a gonarsa. Matar Bafillace ta kawo nono da man shanu, ta koma da gero. Manomi in ya tara kuɗi ya sayi saniya, sai ya ba makiyayi amanar kiwonta. An bar burtali, an bar mashaya, da rani kuma fadama ta shanu ce. A 1965, zamanin firimiya Sir Ahmadu Bello, ɗan Rabah, gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wa dabbobi makiyaya. Saɓani bai taɓa ƙarewa ba, gama zo mu zauna zo mu saɓa, amma akwai mai unguwa da arɗo da alƙali, a kan auna ɓarna a biya.

Sannu a hankali igiyoyin nan suka yi ta sakewa. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka ci burtali. Ruwan madatsa da injin ban-ruwa suka sa fadama ta zama gona rani da damina. Takin zamani ya rage bukatar kashin shanu, kara da harawa suka zama kayan sayarwa. Babu mugu cikin waɗannan abubuwa, noman rani ya ciyar da dubban gidaje. Amma kamar waken da aka cika wa taki, ko wane ɓangare ya fara ganin zai iya zama ba tare da ɗayan ba.

Cikin wannan hali ƙuduji ya sami saiwa. Ɓarayin shanu da 'yan bindiga, waɗanda suka fara ƙarfi a dazuzzukan Zamfara, suka ƙetaro gabashin Sakkwato. A watan Yuli na 2018 suka kashe fiye da mutum 30 a Tabanni ta ƙasar Rabah. A watan Oktoba na 2021 suka buɗe wa kasuwar Goronyo wuta, suka kashe fiye da mutum 40. A cikin wannan wata kuma, a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa, 'yan sa-kai suka kashe Fulani fiye da 10, ba alƙali ba shaida. Waɗanda suka mutu a Goronyo sun je ciniki ne, waɗanda suka mutu a Mamande ma haka. Mai bindiga ya dubi ƙauye ya ce duk 'yan sa-kai ne, mai gora ya dubi ruga ya ce duk ɓarayi ne. Dukansu biyu da suna da wuri suka yi hukunci.

Ƙorafin da ya cancanci amsa

Wani zai ce wannan magana ce ta wanda ke zaune lafiya. Masanin teku yana da shekaru na jira, gama ba ɗansa aka sace ba. Wanda a ke kai wa hari da dare ba shi da lokacin fasa ƙullutu ya duba launinsa. Ai an ce rigakafi ya fi magani, kuma wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Ƙorafin yana da nauyi, ba a amsa shi da murmushi. Gaskiya ne tsaro ba ya jiran a gama bincike. Likita ya kan keɓe wanda a ke zaton yana da cuta mai yaɗuwa tun kafin sakamako ya fito. Haka gari yana da ikon ya tsare ƙofarsa, ya tambayi wanda bai sani ba, ya miƙa wanda ya ke tuhuma ga hukuma. Gaskiya ne kuma wanda ya kashe mutane a kasuwa aikinsa ya riga ya yi shaida a kansa, ba ya bukatar a nema masa uzuri, kuma hukumar da ta ƙyale shi ta ci amanar manomi da makiyayi baki ɗaya. Tsiron waken suya ma ba ya yafe wa macuci.

Amma tsarewa daban, hukunci daban. Wanda aka tsare bisa kuskure a kan sake shi, wanda aka kashe bisa kuskure ba ya dawowa. Kuma hukuncin suna ba ya kawo tsaron da a ke nema. Makiyayin da ya san hanyoyin daji, wanda da shi ne zai fara kawo labarin ɓarayi, in aka hana shi shiga kasuwa, aka kashe ɗan'uwansa don kamanninsa, bakinsa zai rufe, ɗansa kuwa ya zama abin farautar masu neman yaran da za su ba bindiga. Manomin da ya ga ƙuduji ya ƙone gonar duka ya huta da ƙuduji na bana, amma ya rasa wakensa, irin ƙudujin kuwa yana nan kwance cikin ƙasa yana jiran baɗi. Masu noma sun san hanyar da ta fi: a cire shi da hannu tun bai zuba iri ba, a juya shuka, a ƙara wa ƙasa taki, gama ƙuduji ya fi ƙarfi a gonar da ta gaji. Aikin yana da wuya, yana cin shekaru, amma shi ke barin gona a hannun mai ita.

Cire shi da hannu, cikin sha'anin mutane, shi ne a kama mai laifi da sunansa na yanka, a kai shi gaban shari'a, ko ɗan ruga ne ko ɗan gari, gama masu kai wa ɓarayi labari da masu sayen shanun sata ba duka ke kwana a daji ba. Ƙara wa ƙasa taki kuwa shi ne a mai da abin da ke sa mutum biyu su bukaci juna: burtalin da aka shata aka kiyaye, mashayar da aka bar wa shanu a gefen gonakin rani, kasuwar nono, makaranta da asibitin da ɗan ruga zai shiga ba da tsoro ba, da zaman mai unguwa da arɗo a tabarma ɗaya tun ɓarna ba ta kai ga jini ba.

Can a fadamun Amurka, ko wace shekara korayen dodon koɗin nan suna saka ƙwai su mutu, baƙonsu yana cikinsu, masana kuma suna ci gaba da bincike ba su yanke masa hukunci ba. In an iya yi wa ƙwayar da ido ba ya gani wannan adalci, maƙwabcin da aka sha nonon shanunsa, ko aka ci geron gonarsa shekara da shekaru, ya fi cancanta a tambayi abin da hannunsa ya aikata kafin a ɗaga masa hannu.